Suka Ce Kunyar 'Yar Fari Ce

Tun cikina yana ƙarami nake roƙon Allah ya ba ni namiji. Ba don na fi son maza ba. Ko maigidana bai san ina wannan addu'ar ba, shi cewa yake duk abin da Allah ya kawo muna murna. Ni kuwa in na ga ƙaramar yarinya a layinmu na Kurmin Mashi an aike ta da kwano a ka, sai in bi ta da ido har ta shige gidan da za ta, in tsaya ina jiran fitowarta. In ta daɗe, girkina ya ƙone. Ranar da aka yi min hoton ciki, matar da ta yi hoton ta ce mace ce, na samu mai taya ni wanke-wanke. Na yi mata murmushi, na fito na zauna a benci. A lokacin mutane nake tsoro: wa zai aike ta, wa zai kira ta ɗaki. Ban taɓa kawowa a raina cewa wadda zan koma tsoro ni ce da kaina ba.

Sunana ba zai ƙara muku komai ba. Bokona a firamare ya tsaya, sai Islamiyya, don haka ku yi haƙuri da rubutun. Na rubuta ne don na samu sauƙi, kuma don a layin asibiti na ga mata masu irin idona.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Gwaggo, yayar babana, ita ta riƙe ni a Katabu, kuma ba zan ci amanarta ba, riƙon 'ya ta yi min. Ko ƙosai ɗaya ta samu sai ta raba da ni. A ƙofar gidan akwai shago, ɗakin da samari ke kwana, kuma ƙanin mijinta ne a ciki. Ni ce mai kai masa tuwo, ni ce mai ɗauko kwano. Ina aji uku abin ya fara, bai tsaya ba sai da ya samu aiki a wani gari. Ba zan faɗi abin da ya yi ba. Wadda za ta gane ta riga ta gane. Abin da ya rage min a jiki shi ne ƙarar sakata, da warin wani man shafawa mai turare da yake sawa. Ban faɗa wa kowa ba. Na girma, na yi aure da mutumin kirki wanda ke aikin ofis a wata ma'aikatar gwamnati, na ɗauka abin ya mutu.

Da cikina ya tsufa aka mayar da ni Katabu, tunda haihuwar fari a gida ake yi. Nan na tarar mutumin shagon nan ya dawo. Aiki ya ƙare, matarsa ta tafi, ya koma shagonsa na da, ya yi furfura a gemu, yara suna ce masa Baba.

Haihuwa ta zo da sauƙi, alhamdulillahi. Aka sa wa yarinya sunan Gwaggo, shi ya sa muke kiranta Ummi. Ranar suna da yamma, ɗaki cike da mata, mutumin ya yi sallama ya leƙo barka. Gwaggo ta ɗauki jaririyar daga gefena ta ɗora masa a hannu, tana dariya ta ce, “To ga amaryarka ta iso, sai ka fara tanadin lefe.” Kun san wasan kaka da jika, ba wanda ke nufin komai da shi. Ya ce wannan amarya ta cika barci, anya za ta iya girki? Kowa ya yi dariya. Da aka dawo min da ita, warin man nan yana jikin zanenta.

Washegari da safe na kwance mata kunzugu zan canza. Ban san yadda zan kwatanta ba. Kamar an haska min hoto a cikin kai, ba tare da na nema ba: hannuna, wannan hannun nawa, yana yi mata irin abin da aka yi min. Ƙiftawar ido ne kawai. Na ja da baya har na bugi bango. Na yi a'uziyya, na kira Gwaggo na ce jiri nake ji, ta zo ta ƙarasa.

Na ce gajiyar haihuwa ce. Amma hoton ya dawo da azahar, ya dawo da la'asar. In na ce kada ya zo, sai ya fi zuwa. Sai wata magana ta fara bin hoton, ba da murya ba, amma ina jinta sarai: ai irinsa ce ke. Wanda aka yi wa, shi ma yi yake. In ba haka ba, me ya kawo wannan kanki? Wace uwa ce take ganin haka?

A makonnin jego ba wanda ya lura, don komai yi min ake. Gwaggo ke yi wa Ummi wanka, ita ke gasa mata cibiya, ita ke goya ta. Ni nawa wankan ruwan zafi da ganye safe da yamma, da kunun kanwa, da ba da nono. Nonon ma ina bayarwa ne fuskata na kallon bango, hannuna a naɗe cikin zane don kada fatata ta taɓa tata. Da ta ƙoshi sai in miƙa ta ga duk wadda ke kusa.

Mata masu zuwa barka suka ga haka, suka yaba. Suka ce 'yar Gwaggo akwai alkunya, ko kallon 'yar fari ba ta yi, ba irin yaran yanzu ba masu rungume ɗan fari a gaban surukai suna ɗaukar hoto. Wata tsohuwa har ta sa min albarka, ta ce rabonta da ganin irin wannan tarbiyya tun zamaninsu. Gwaggo ta ji daɗi ƙwarai, duk wanda ya shigo sai ta ba shi labari. Ni kuma na sunkuyar da kai, suka ƙara cewa kun gani ko. Da haka al'ada ta ba ni wurin ɓuya, na shige ciki na zauna.

Bayan arba'in na koma Kurmin Mashi. Gidan haya ne, ɗakuna a jere, famfo ɗaya a tsakar gida. Maigidana, da nake ce wa Malam, yana fita da safe, sai yamma. Aka bar ni daga ni sai Ummi sai abin da ke kaina.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin kusa, Maman Bitrus, mutuniyar kudancin Kaduna ce, Kirista, ɗinki take yi a barandarta, 'ya'yanta duk sun girma. Tun da aka kawo ni gidan take ce min Amarya, har yau ba ta daina ba. Na roƙe ta ta riƙa yi wa Ummi wanka, na ce hannuna bai iya ba, ina tsoron kada ta suɓuce min. Ta ce ba komai, sati biyu za ki koya. Sati biyu ya zama wata, wata ya zama watanni.

Na ƙirƙiro wa kaina dokoki. Ba na canza mata kunzugu sai ƙofa a buɗe kuma akwai wani a tsakar gida. In ba kowa, sai ta jira. In na taɓa ta, sai na wanke hannu da omo, in sake, in sake, har bayan hannuna ya tsage yana jini. Alwala sai in yi ta maimaitawa, don ina ganin mai irin wannan tunani alwalarta ba ta kamawa. A cikin salla ma yana zuwa, har a sujada. Barci ya ƙaurace min, abinci ya daina shiga, nono ya ragu. Ranar Lahadi kuwa, da Maman Bitrus ke tafiya coci tun safe, ita ce ranar azabata. Wata Lahadi Ummi ta yini cikin jiƙaƙƙen kunzugu tana kuka, ina zaune a bakin ƙofa ina kuka, tsakaninmu bai fi taku kaɗan ba. Cinyoyinta suka saɓule suka yi ja. Har yau in na tuna kukan nan sai na ajiye abin da ke hannuna.

Malam ya ga ina ramewa. Ya fara da kemis, aka ba ni maganin ƙarin jini. Muka je ƙaramin asibiti, aka ɗebi jini, aka ce maleriya da taifod, kamar yadda ake ce wa kowa. Na sha allurai, aka ƙara min ruwa. Likitan ya tambaye ni me ke damuna yana rubutu, bai ɗago ba. Na ce ciwon kai. Me zan ce? Bayana akwai mata a layi suna jin komai ta labule.

Yayar Malam da ke Unguwar Dosa ta ce iska ce ta jego, wataƙila na fita tsakar gida da magariba ba ɗankwali. Ta aiko da hayaƙi da rubutu. Na sha, na turara, ɗaki ya yi ta wari, Ummi ta yi ta tari. Daga baya ta kawo wani malami ya yi min ruƙiyya. Ya yi karatu mai tsawo a kaina, yana tsayawa yana tambaya wane ne a jikin baiwar Allah nan. Wallahi na so a ce wani ya amsa. In da aljani ne, to ba ni ba ce. Ba wanda ya amsa. Malamin, Allah ya saka masa, bai yi ƙarya don ya ci kuɗi ba. Ya ce shi bai ga iska ba, waswasi ne ya yi min yawa, in yawaita zikiri kuma a nemi likita. Yayar Malam ta ce bai iya ba ne, za ta nemo wani. Albashin Malam a nan ya riƙa tafiya, har 'yan kunnena na aure suka bi.

Ummi ta yi zama, ta yi rarrafe, ta miƙe. In ta faɗi, ɗakin Maman Bitrus take nufa da kuka, ta wuce ni a tsaye. Kalmarta ta farko Mama ce, kuma ba ni ta kalla ba da ta faɗa.

Ana haka Gwaggo ta zo duba ni. Ta ga yadda na koma, ta ga yarinya a bayan maƙwabciya. Ta ce wa Malam, ina zaune, ai magana ta ƙare: in lokacin yaye ya yi za ta zo ta ɗauki takwararta, kuma ba dawowa za ta yi da ita ba. Dama 'yar fari ta kaka ce, ga uwar kunya ta hana ta sakewa da ita, ga ciwo. A bar ni in huta in yi ƙiba. Malam ya ce wannan gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. Aka sa magana bayan babbar salla.

Ku ji abin da ya faru a zuciyata, don shi ne ainihin ciwon. Rabin zuciyata ya ce alhamdulillahi, za a raba ta da ni, ta tsira. Ɗaya rabin ya ji ƙarar sakata. Na ga Ummi ta yi wayo, an ɗora mata kwano a ka, an ce kai wa Baba. Na rasa wanne ya fi haɗari a gare ta, gidan can ko ni. Na yi makonni ina auna wannan, ina wanke hannu.

Wata safiya na kai Ummi da baho da ruwan ɗumi barandar Maman Bitrus kamar kullum. Ta ce yau hannunta ciwo yake, in yi da kaina, tana nan tana kallo. Ta ci gaba da ɗinki a kekenta da hannun da ta ce yana ciwo. Na tsaya a kan bahon. Ummi tana wasa da soso. Na tsaya har ruwan ya huce.

Ta tsayar da keken. Ta ce, “Amarya, ni ba Bahaushiya ba ce, amma na zauna da ku tun ba a haife ki ba. Na san kunyar nan taku. Mai kunya in ta ga ba kowa, ɗaukar ɗanta take ta yi masa rawa, na sha kama su ta taga. Ke ko ba kowa ba kya yi. Wannan ba kunya ba ce. Me kike tsoro?”

Shekara ɗaya da wani abu, ita ce ta fara tambayata. Ban iya faɗa mata duka ba. Na ce mugayen tunani ke zuwa min a kan yarinyar, ina tsoron kaina. Na jira ta janye Ummi daga gabana. Ba ta janye ba. Ta ɗumama ruwan, ta yi wankan, ta ce da yamma za ta yi magana da Malam.

Ta ce masa rashin barci ne ya yi min yawa, akwai asibitin da ke duba irin wannan a ƙetaren kogi. Da ya gane wane iri take nufi, ransa ya ɓaci, ya ce matarsa ba mahaukaciya ba ce. Ta ce masa ita ma ba ta ce ba, amma ya dubi hannuna. Ya duba. Ina jin ranar ya fara ganinsu da kyau. Ya yarda, da sharaɗin kada dangi su ji.

Zan faɗi gaskiya a kan asibitin, daɗi da rashinsa. Zuwan farko mun fita da sassafe, mota biyu muka hau kafin mu haye gada, muka yi layin kati, muka yi layin biya, muka yi layin jira, da aka kusa zuwa kanmu aka ce likita ya tashi. Zuwa na biyu na samu likita namiji, ga ɗalibai sun kewaye shi da littattafai. Na ce ciwon kai da rashin barci. Aka ba ni maganin barci, na yi ta barci, in na farka abin yana nan yana jirana. Na ce ba zan koma ba. Maman Bitrus ta ce ita ta riga ta rufe ɗinkinta na ranar, ba za ta yi asara biyu ba, in tashi. A zuwa na uku ita ta tsaya a gaban ma'aikaciyar da ke kiran suna, ta ce 'yarta likita mace take son gani, ko za mu kai yamma. Muka kusa kaiwa.

Likitar ba babba ba ce sosai, da gilashi, Hausarta irin ta Zariya. Da na shiga ta tashi ta tura ƙofa, ta kai hannu za ta sa sakata don kada a dame mu. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, jakata ta faɗi. Ta dube ni, ta dubi hannunta. Ta zare sakatar, ta bar ƙofar a ɗan buɗe, ta saki labule. Ta dawo ta zauna, ba ta ɗauki biro ba.

Ta ce, “Wa ya taɓa rufe miki ƙofa?”

Na faɗa. Na fara da shago, na ƙare da baho. Ina faɗa ina jiran ta kira 'yan sanda su karɓe Ummi, har na ƙudurta cewa in an karɓe ta a ba Maman Bitrus, kada a kai Katabu. Da na gama ta tambaye ni, in hoton ya zo, daɗi nake ji ko tsoro? Na ce tsoro, kamar in mutu. Ta ce na taɓa yi? Na ce Allah ya kiyaye, ko taɓa ta ba na iya yi.

Ta ce, “To ki riƙe wannan. Abin da kike tsoro ne yake zuwa miki, ba abin da kike so ba. Wanda ya cuce ki bai taɓa wanke hannunsa har ya yi jini don tsoron cutar da ke ba.”

Ta ce ciwo ne sananne, yana da suna, yana da magani, kuma ba ni kaɗai ba ce, mata da yawa sun zauna a kujerar nan sun faɗi irinsa, har da waɗanda ba a taɓa yi musu komai ba. Ta ce zancen wai duk wanda aka yi wa shi ma yi yake, ba gaskiya ba ne. Ta ce gudun da nake yi da wanke hannun su ke ciyar da abin. Na yi kuka har sai da ta miƙo min ruwa.

Sauƙi bai zo a ranar ba, kada in yaudare ku. Ta ba ni ƙwayoyi, ta ce ba za su hana shayarwa ba. Satin farko tashin zuciya da jiri, na biyu bakina ya bushe, tunanin kuma kamar an ƙara masa ƙarfi. Na ce ga shi nan, ni nawa ba ya jin magani. Sai wajen wata guda na lura na yi sallar la'asar da alwala ɗaya. Ta haɗa ni da wata ma'aikaciya da muke zama muna magana, ita ta ba ni aiki: in yi wa Ummi wanka da hannuna, in hoton ya zo kada in gudu, kada in yi gardama da shi, in ce na gan ka, in ci gaba da cuɗa. Satin farko ƙafafu kawai na iya wankewa, Maman Bitrus ta ƙarasa. Na gaba na kai baya da wuya. Gumi yana zuba min kamar mai daka. Akwai satin da na koma baya gaba ɗaya, saboda wani ya zauna kusa da ni a mota da warin man nan. Akwai ranar da muka je aka ce ma'aikaciyar ba ta nan, kuɗin mota ya tafi a banza. Amma ranar da na yi wankan tun daga kai har ƙafa, na shafa mata mai, na sa mata riga, Ummi ta kama kunnena tana dariya. Ashe tana da ɗan baƙin tabo a bayan kafaɗa. Ban sani ba sai ranar.

Saura Malam, kuma salla tana matsowa. Likita ta ce faɗa masa ko rashin faɗa nawa ne, ba za ta tilasta ni ba. Amma ban ga yadda zan hana tafiyar Ummi ba tare da dalili ba. Na faɗa masa wata Asabar bayan ya karya. Ya sa takalmi ya fita. Kwanaki yana cin abinci a waje, yana shigowa da sallama a ciki-ciki. Shirunsa ya yi min ciwo, kuma na gaya masa daga baya. Na fara tunanin inda zan nufa in ya sake ni, tunda Katabu ba wurin komawa ba ne. Sai wata safiya na haɗa ruwan wankan Ummi, na ga ya jawo kujera ya zauna kusa da bahon, ya riƙe tawul. Ya ce ba fushi yake da ni ba, tsoro ya ji in ya buɗe baki zai hau mota ya je ya yi abin da za a ɗaure shi. Ya ce Ummi ba inda za ta. Amma Gwaggo uwata ce, shi suruki ne, in ya hana za a ce ya raina ta. Ya ce in ina so ya yi, zai yi. Na ce a'a, ni zan yi.

Bayan salla Gwaggo ta zo da hantsi, da ƙullin kuka da daddawa, da sabon zanen goyo da ta saya wa takwararta. Ta sha ruwa, muka gaisa, ta tambayi jiki, ta ce na yi kyau. Ta ce a haɗa kayan yarinya kada rana ta yi musu. Ummi tana tsakar gida. Na tashi na ɗauko ta, na zaunar da ita a cinyata a gaban Gwaggo, na rungume ta. Ban taɓa yi ba. Gwaggo ta yi dariya ta ce yau kuma ina kunyar ta tafi, ko asibitin ne suka cire min?

Na ce, “Gwaggo, ba kunya ba ce. Ba ta taɓa zama kunya ba. Ummi ba za ta kwana a gidan da shagon nan yake ba.”

Na faɗa mata a taƙaice, idona a kan tabarma. Na shirya wa ashar, na shirya wa a ce ƙarya nake, ko ciwon ne ke magana. Na ji keken Maman Bitrus ya tsaya a waje. Da Gwaggo ta yi magana, muryarta ta tsufa.

Ta ce, “Shi ya sa kika daina cin ragowar tuwonsa. Na yi ta dukanki a kan almubazzaranci.”

Ba ta ce in yafe mata ba, ba ta ce ta sani ba, ba ta ce ba ta sani ba. Ta ce in rufa wa zuri'a asiri, mijinta ba shi da lafiyar da zai ji wannan. Na ce ni ba shela zan yi ba, amma akwai 'yan mata ƙanana a gidan, jikokin mijinta, kuma na ga wadda ke kai kwano yanzu. Ta tashi ta yafa mayafinta. Ba ta tsaya cin abinci ba. Zanen goyon ta bar shi a kan tabarma, ban sani ba ko mantuwa ce.

Tun ranar ba ta sake zuwa ba, kuma in na kira gaisuwa ce kawai. Dangi suna cewa birni ya ɓata ni, na hana tsohuwa takwararta. Mutumin yana nan a shagonsa, yana zuwa masallaci, ana gaishe shi. Ban kai ƙara ba, ban da wannan ƙarfin tukuna, kuma abin yana damuna. Amma wata 'yar uwa da ta zo daga Katabu ta ba ni labari tana dariya, wai Gwaggo ta rikice da tsufa: ta hana kowace yarinya zuwa ƙofar gida, ita da kanta take ɗaukar kwanon tuwo, da ciwon gwiwarta, ta dangwarar a bakin shago ta juyo. Na taya ta dariyar, na shiga ɗaki.

A ɗakina na yaye Ummi, ta yi kukanta a ƙirjina. Har yanzu ina shan magani, ina komawa asibiti lokaci-lokaci. Hoton bai daina zuwa gaba ɗaya ba. Yakan leƙo in na gaji, ko in wani ya ja sakata da ƙarfi a gidan. Sai in ce na gan ka, in ci gaba da taje mata kai. Da zanen da Gwaggo ta bari nake goya ta. Ina godiya ga Allah, da likitar da ta bar ƙofa a buɗe, da Malam, da Maman Bitrus wadda har yau Ummi ke ce mata Mama, ni kuma yarinyar ta ce min Amarya, duk gidan suna dariya.

Roƙona ɗaya ne. In kun ga mai jego ba ta ɗaukar ɗanta, ba ta kallonsa, tana miƙa shi da sauri kamar ya ƙona ta, kada ku yi saurin yaba mata kunya. Ku bari mutane su watse, ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta me take tsoro. In ta faɗa, kada ku janye yaron daga gabanta. Ku raka ta asibiti.